Auren Jinsi: Abin da Jama'a Ke Cewa, da Abin da Kafafen Labarai Ke Nuna Mana

Tun daga shekarar 2021 maganar auren jinsi ta shiga cikin hirar yau da kullum a birnin Tamale. Ana yin ta a gidajen rediyo da harshen Dagbani da Hausa da Turanci, ana yin ta a majalisun ataya na samari, ana yin ta a rumfunan kasuwar Aboabo, kuma limamai sun sha ɗaukar ta a huɗubar Juma'a. Iyaye da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla sun nuna damuwarsu a kanta, musamman saboda wayar hannu da ta shiga ɗakin kowane yaro. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu dubi al'amarin a tsanake: me jama'a ke cewa, me doka ta ce, kuma wane hoto jaridu da rediyo da intanet suke zana mana na mutanen da ake kira masu neman jinsi.

Game da hukuncin addini, ba mu da doguwar magana. Aure a Musulunci ƙulli ne tsakanin namiji da mace, da waliyyi da sadaki da shaidu, kuma mazhabobin nan huɗu ba su yi saɓani ba a kan haramcin luwaɗi da maɗigo. A Tamale, inda almajiran Afa Ajura na Anbariya da mabiya ɗariƙar Tijjaniyya suka daɗe suna jayayya a kan mas'aloli da dama, wannan tana cikin 'yan mas'alolin da kowa ya tsaya a wuri ɗaya. Kiristocin garin da masu bin al'adun gargajiya su ma, mafi yawansu, nan suka tsaya.

Ƙididdiga ta tabbatar da abin da kunne ke ji. A binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2013, kashi 96 cikin 100 na mutanen Ghana da aka tambaya sun ce bai kamata al'umma ta amince da neman jinsi ba. A Nijeriya kashi 98 ne. A binciken Afrobarometer na 2019, kashi 7 cikin 100 kacal na 'yan Ghana suka ce ba za su damu ba idan maƙwabcinsu mai neman jinsi ne, alhali kuwa kusan tara cikin goma sun ce za su zauna lafiya da maƙwabci na wani addini ko wata ƙabila. Da Pew ta sake tambaya a 2023, wannan karon a kan auren jinsi kansa, kashi 2 cikin 100 ne suka goyi baya a Nijeriya. Ghana ƙasa ce da aka santa da haƙuri da juna, inda Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Katolika a Accra a 2019 lokacin da ya cika shekara 100. Amma a wannan batu ƙofar a rufe take.

A wasu ƙasashen kuwa ra'ayi ya juya cikin ɗan lokaci. Holan ce ta fara halatta auren jinsi a watan Afrilu 2001. Afirka ta Kudu ta bi a 2006, Faransa a 2013 bayan zanga-zangar dubban ɗaruruwan masu adawa a titunan Paris, sannan Kotun Ƙolin Amurka ta halatta shi a duk faɗin ƙasar a watan Yuni 2015. 'Yan'uwanmu da ke zaune a waɗannan ƙasashe sun san yadda abin ya shiga makarantu da finafinan yara, kuma fargabar iyayenmu a nan daga can ta samo asali.

Sai dai akwai wata tambaya da ba kasafai ake yin ta ba: shin wa ya taɓa zuwa wajen wani limami, ko ofishin rajistar aure a Tamale, yana neman a ɗaura masa aure da ɗan jinsinsa? Dokokin aure na Ghana, na gargajiya ne ko na Musulunci ko na kotu, ba su san irin wannan aure ba. Bugu da ƙari, sashe na 104 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya haramta saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a, da ɗaurin da zai iya kai shekara 3, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan sashe a watan Yuli 2024. Ke nan auren da ake ta kururuwa a kansa ba ya bakin ƙofarmu ta fuskar doka. Abin da ke bakin ƙofarmu shi ne zargi, da bidiyo, da taron samari masu sanduna.

Tarihin ƙudurin doka

A ƙarshen watan Janairu 2021 wata ƙungiya ta masu neman jinsi ta buɗe ofishi a Accra, jakadun wasu ƙasashen Turai da na Ostireliya suka halarci bikin. Hotunan suka bazu, hankalin jama'a ya tashi, kafin ƙarshen Fabrairu 'yan sanda suka rufe wurin. A watan Mayu na shekarar aka kama mutum 21 a garin Ho na jihar Volta suna wani taron horo, aka tsare su makonni, daga baya kotu ta sallame su a watan Agusta saboda rashin hujja.

Cikin wannan yanayi 'yan majalisa takwas, ƙarƙashin jagorancin Sam George na mazaɓar Ningo-Prampram, suka gabatar da ƙudurin dokar kare mutuncin iyali. Ɗaya daga cikin takwas ɗin shi ne Alhassan Suhuyini, ɗan majalisar Tamale ta Arewa, wanda kafin ya shiga siyasa sanannen ma'aikacin rediyo ne. Ofishin Babban Limamin ƙasa da manyan ƙungiyoyin Kirista suka mara wa ƙudurin baya. Majalisa ta amince da shi ranar 28 ga Fabrairu 2024, da tanadin ɗaurin da zai kai shekara 3 ga wanda ya bayyana kansa a matsayin mai neman jinsi, da wanda zai kai shekara 5 ga mai kafa irin waɗannan ƙungiyoyi ko ba su kuɗi. Bayan 'yan kwanaki Ma'aikatar Kuɗi ta yi gargaɗin cewa ƙasar na iya rasa dala biliyan 3.8 na Bankin Duniya cikin shekara biyar zuwa shida. Shugaba Akufo-Addo ya ce zai jira Kotun Ƙoli. Kotun ta yi watsi da ƙararrakin da aka shigar ranar 18 ga Disamba 2024, amma wa'adin majalisar ya ƙare a Janairu 2025 ba a sa hannu ba, ƙudurin ya faɗi. A cikin 2025 wasu 'yan majalisa suka sake gabatar da shi. Maƙwabtanmu na Burkina Faso, waɗanda iyakarsu ba ta da nisa da mu, sun kafa tasu dokar a watan Satumba 2025.

Ba duka masu adawa da ƙudurin ba ne masu goyon bayan auren jinsi, kuma wannan wani abu ne da shirye-shiryen rediyo suka cika tsallakewa. Wasu malaman jami'a da lauyoyi, ciki har da Farfesa Audrey Gadzekpo da Farfesa Kwame Karikari, dukansu malaman aikin jarida, sun yi ƙorafin cewa tanadinsa zai iya kai ɗan jarida ko mai bincike kurkuku saboda magana kawai. Kadinal Peter Turkson, babban malamin Katolika ɗan Ghana, ya faɗa wa BBC a watan Nuwamba 2023 cewa bai ga dalilin mayar da mutanen masu laifi a gaban doka ba, alhali cocinsa ba ta yarda da auren jinsi. Mutum na iya saɓa musu, amma bai halatta a ɗora musu abin da ba su faɗa ba.

Labarin da ya fi sayuwa

A nan ne muke son mu daɗe, domin nan ne gizo ke saƙar. Duk wanda ya bi tarihin yadda jaridun yankinmu suka riƙa ba da wannan labari zai ga abu ɗaya yana maimaituwa: kanun labari mai tayar da hankali, sai fushin jama'a, sai kame ko duka, sannan bayan watanni a gano cewa labarin ba haka yake ba, a lokacin da ba wanda ke saurare.

A 2006 kafafen labarai na Ghana suka cika da maganar wani babban taron 'yan luwaɗi na duniya da aka ce za a yi a Accra. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Kwamena Bartels, ya fito ya haramta shi, masu wa'azi suka yi makonni suna tsinuwa, amma ƙungiyar da aka danganta taron da ita ta ce ba ta shirya komai ba, kuma ba a taɓa nuna wanda ya shirya shi ba. A 2011 aka buga cewa an yi wa 'yan luwaɗi 8,000 rajista a jihohin Yamma da Tsakiya. Adadin ya fito ne daga aikin ƙungiyoyin yaƙi da cutar ƙanjamau, amma aka karanta shi kamar rajistar wata runduna, har ministan jihar Yamma ya ba da umarnin a kamo su.

A ƙasar Hausa ma haka. A watan Afrilu 2007 aka yaɗa cewa wata mata a Kano ta auri mata huɗu rana ɗaya. Labarin ya zaga duniya, matar ta ɓuya, sannan ta faɗa wa BBC cewa biki ne na tara wa 'yan matan gudummawar aurensu da mazajensu. A watan Agusta na shekarar aka kama samari 18 a wani otal a Bauchi, jaridu suka ce ɗaurin auren jinsi ne, amma da aka je gaban alƙali sai tuhumar ta koma ta shigar mata da zaman banza. Akwai kuma na watan Yuli 2024, lokacin da jaridar Daily Trust ta ruwaito cewa yarjejeniyar Samoa da Nijeriya ta sa wa hannu ta ƙunshi sharaɗin amincewa da neman jinsi. Masallatai da dandalin sada zumunta suka ɗauka. Hukumar sauraron koke-koke ta 'yan jarida ta binciki takardar, ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar kuma ta nemi afuwa, wanda abin a yaba mata ne. Amma mutum nawa cikin waɗanda suka tura labarin farko a WhatsApp suka tura na neman afuwar?

Akwai wanda ya fi wannan muni, wato buga sunaye. A 2006 wasu jaridun Kamaru suka wallafa jerin sunayen mutanen da suka ce 'yan luwaɗi ne, har da ministoci. Wasu suka kai ƙara, kotu ta sami mawallafi da laifin ɓata suna. A 2008 wata mujalla a Senegal ta buga hotunan wani biki da ta kira auren jinsi, aka bi mutanen da kame, wasu suka bar ƙasar. A Yuganda, a watan Oktoba 2010, wata ƙaramar jarida ta buga hotuna da adireshi tare da kiran a rataye su. Kotu ta hana ta ci gaba a farkon Janairu 2011, kuma kafin watan ya ƙare aka kashe David Kato, ɗaya daga cikin waɗanda hotonsu ya fito, a cikin gidansa.

Dalilin wannan ɗabi'a ba ɓoyayye ba ne. Tun da kundin tsarin mulki na 1992 ya ba da 'yancin kafafen labarai, kuma aka soke dokar ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna a 2001, gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita, gasa ta yi tsanani. Shirin da ake buga waya a ciki yana rayuwa ne da zafin muryar masu kira, shafin intanet kuma yana cin abinci da yawan masu latsawa. Ɗan siyasa ma ya gane cewa wannan batu ne da ba ya buƙatar ya gina rijiya ko ya gyara hanya kafin a tafa masa. Mun lura cewa maganar kan yi zafi idan zaɓe ya ƙarato, alhali matsalar ruwan famfo da ta addabi unguwannin Tamale shekara da shekaru ba ta samun rabin wannan lokaci a iska.

Kafafen labarai na Turai da Amurka su ma ba su kuɓuta daga tamu tuhumar ba. Sukan nuna mutanen Afirka kamar jahilan da wasu masu wa'azi daga waje suka zuga, kamar ba mu da addini ko tunanin kanmu. Gaskiya ne wata ƙungiyar masu ra'ayin riƙau mai tushe a Amurka ta yi taro a Accra a ƙarshen 2019, amma Musulmin Zongo bai jira wannan taro ba kafin ya san hukuncin addininsa. Haka kuma barazanar yanke tallafi, irin wadda Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi a 2011 har marigayi Shugaba Atta Mills ya mayar masa da martani, ba ta ƙara komai ba sai taurin kai, kuma waɗanda aka ce ana karewa su ne suka sha fushin.

A ɗaya ɓangaren, cewar da ake yi wai duk abin Turawa ne suka kawo shi, harshenmu da kansa ya ƙaryata ta. Kalmomin luwaɗi da maɗigo sun girmi talabijin, kuma da babu abin da littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukanmu ba su yi masa babi ba. Haka nan 'yan daudu, masu sana'ar abinci a tashoshi da kasuwannin ƙasar Hausa, an san su tun da daɗewa, kuma magabata sun bambanta tsakanin mai kwaikwayon mata a magana da tafiya da wanda aka tabbatar ya aikata alfasha. Kafafen zamani sun haɗa su duka a tukunya ɗaya, har ya zama yaro mai siririyar murya, ko budurwar da ke son buga ƙwallo, ko tuzurun da talauci ya hana shi aure, kowanne na iya wayar gari da suna a bakin unguwa.

Abin da ya faru a garinmu

Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi hira da mutum 114 a Accra da Kumasi da Cape Coast da Tamale, ta fitar da rahotonta a Janairu 2018. Abin da ya fi yawa a cikin bayanansu shi ne duka daga 'yan'uwa na jini, da kora daga gida, da masu yaudarar mutum ta waya su ƙwace masa kuɗi da barazanar tona asiri. A watan Oktoba 2021 aka kama wasu maza huɗu a unguwar Choggu bisa zargin luwaɗi, aka yi musu duka, aka kai su fadar sarkin unguwa aka ci su tara, sannan aka miƙa su ga 'yan sanda. Bidiyon ya zaga wayoyi a ciki da wajen ƙasar. A watan Yuni 2022 kuma, da aka kafa allunan talla masu kiran a yi haƙuri da masu neman jinsi a Accra da Tamale, ba su daɗe ba aka sauke su.

Mu mutanen arewa mun san abin da zargi da taro ke haifarwa. A watan Yuli 2020, a ƙauyen Kafaba kusa da Salaga, aka doke tsohuwa Akua Denteh mai shekara 90 har ta mutu bisa zargin maita, mutane na tsaye suna ɗauka da waya. Babbar kotun Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 a 2023. Kafin nan, a watan Mayu 2017, mutanen Denkyira-Obuasi suka kashe hafsan soja Maxwell Mahama saboda wani ya ce ɗan fashi ne. Kowanne cikin waɗanda suka ɗaga dutse a ranar yana ganin yana tsabtace gari ne.

Shari'ar da muke kishinta ta toshe wannan ƙofa tun farko. Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, ta hana mummunan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane. Suratun Nur ta sa bulala 80 ga mai jifan wani da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba, ta kuma yi gargaɗi mai tsanani ga masu son labarin alfasha ya yaɗu a tsakanin muminai. Malaman Malikiyya, kamar yadda ɗalibin da ya karanta Risala ya sani, sun sanya kiran mutum ɗan luwaɗi ba da hujja ba cikin abin da ke jawo haddin ƙazafi. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa mutumin da ya sa Ma'izu ya je ya tona kansa cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa alheri. Hukunci kuwa, a wajen dukkan malamai, aikin alƙali ne da hukuma, ba na samarin unguwa ba. Idan aka auna da wannan ma'auni, wanda ya ɗauki bidiyon mutum tsirara ana dukansa, da wanda ya tura shi zauren WhatsApp na dangi da sunan wa'azi, su ma suna da tambayar da za su amsa.

Kuma ko da zargin ya zama gaskiya, wanda ake magana a kansa ɗan wani ne, yana da uwa da ke zuwa kasuwa da ƙannen da ke jiran manema. Gidajen da suka kori ɗansu cikin dare saboda kunyar unguwa ba su shiryar da shi ba. Sun tura shi tashar mota ne, zuwa Kumasi ko Accra, inda babu mai tambayarsa ko ya yi salla. Dattawanmu, idan irin wannan ta taso, sukan rufe ƙofa ne, su kira kawu ko malamin gidan, a yi nasiha inda bango kaɗai ke ji.

Ga iyayen da wani ya aiko wa da hoto ko bidiyon ɗansu yana neman kuɗi, dokar tsaron intanet ta Ghana ta 2020 ta mayar da yaɗa hoton tsiraicin mutum ba da izninsa ba, da yi masa barazana da shi, laifin da ake ɗauri a kansa, ko da mene ne hoton ya nuna. Wanda gidan rediyo ko jarida ta ambaci sunansa bisa ƙarya yana da damar kai koke ga Hukumar Kula da Kafafen Labarai ta ƙasa, kuma kundin tsarin mulki ya wajabta wa kafar ta buga martaninsa. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ma tana da ofishi a nan Tamale, kuma ba a biyan ko sisi kafin a shigar da ƙorafi.